Motar Majami'a da Ta Ƙi Sakin Ƙafar Gaba

Ku da kuke zuwa min yanzu da waya a hannu, kuna cewa kun ga yadda ake kwance giya a bidiyo, saboda haka 'yan watanni sun ishe ku ku zama makanikai, ku samu wuri ku zauna. Ni ban yi boko mai nisa ba, rubutun nan ma da ƙyar nake jan shi. Amma tun ban fara gemu ba nake kwance ƙarƙashin mota, har bayana ya daina miƙewa daidai. Kwance ƙarfe da mayar da shi ba shi ne aikin ba, wannan kowa aka nuna wa zai yi. Aikin shi ne ka gano abin da ya kashe ƙarfen. In ba ka gano ba, sabon da ka sa ma haka zai mutu, kuma sai an samu wanda aka ɗora wa laifi. Sau da yawa ba ma kai za a ɗora wa ba, wani ne can da bai yi komai ba.

A Sabon Gari na koyi aiki, a hannun Oga Chike, wani Ibo da aka haifa a nan Zariya, Hausarsa ta fi ta wasunku. Na daɗe a wurinsa ban taɓa sifana ba sai dai in wanke ta. Aikina rabin durom na kananzir da tsumma. In an tsiyaye man giya, sai ya kira ni ya ce in sa yatsa in murza, in shinshina, in faɗa mishi abin da ke damun motar. In na ce ban sani ba, ya ce to koma durom. A haka na koyi cewa man da ke ƙyalli kamar an zuba mishi garin tagulla, ƙarfe ne ke cin ɗan uwansa a ciki. Wanda ke ƙauri, zafi ya dafa shi. Wanda ya koma fari-fari kamar kunu, an shiga rafi da motar ruwa ya samu hanya. Da dogon sukundireba yake sauraren mota, ya ɗora bakinsa a jikin ƙarfe, mariƙin a kunnensa. Har yau nawa yana nan, shi ne komfutata.

Mota mai jan ƙafa huɗu, wadda muke ce wa fowil, tana da wani akwati a bayan giyabos. Mu a gareji ogzilari muke ce mishi. Shi ke karɓar ƙarfin inji ya raba shi, wani ya bi farfela zuwa ƙafafun baya, wani ya bi wata farfelar zuwa na gaba. A cikinsa akwai sarƙa mai faɗi, da boris-boris, da mai. A gefen babbar giya kuma akwai wata ƙaramar liba, ita direba ke ja in ya zo taɓo ko yashi. Ku riƙe wannan: a irin tsofaffin motocin nan, da ka ja libar, gaba da baya sun ɗauru wuri ɗaya. Dole su juya tare, babu wanda zai riga wani.

Wani mai jigilar tumatir ya taɓa kawo min a-kori-kura yana rantsuwa ogzilari ya mutu, don yana jin ƙwas in ya ɗaga ƙafa daga totur. Na shiga ƙasa na girgiza farfela da hannu, kuros, wato mahaɗin farfelar, shi ne kawai ya ci. Wani kuma tasa tana kuka kamar injin niƙa, na kwance noti ko ɗigon mai bai fito ba, sil, robar da ke tare man, ya daɗe yana yoyo babu wanda ya leƙa. Irin waɗannan su ne na kullum, ba su hana mutum cin abinci. Wadda zan ba ku labarinta daban take.

Lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa ba, kuma shekarar ba ta zo mana da kyau ba. Mai filin da muke aiki a Sabon Gari ya ce zai gina shaguna, ya tashe mu. Kowa ya kama gabansa. Ni na dawo Samaru, bakin hanyar Shika, ƙarƙashin wani mangwaro, babu rami babu rumfa, ni da wani mai walda. Kwastomomina na cikin gari ba su biyo ni ba, sun ce nisa. Wata rana in wuni ban taɓa komai ba sai burkin babur. Waɗanda suka riƙe ni mutanen ƙauye ne, masu tsofaffin fowil.

Cikinsu akwai Iliya, direban motar wata majami'a da ke wani ƙauye can bayan Shika, ƙetaren rafi. Hausawa ne Kirista, manoma. Motar tsohuwa ce amma lafiyayya, kuma in damina ta sauka ita kaɗai ke iya fita daga ƙauyen. Mai naƙuda, wanda maciji ya sara, yaro mai zazzaɓi, duk ita ke kawo su asibiti, ba a tambayar addinin mutum. Iliya siriri ne, ba ya son magana, yana goge motar fiye da yadda yake goge takalminsa. A wani ɗaki na harabar majami'ar yake zaune da matarsa da 'ya'yansa, ɗakin kuwa na mai riƙe da makullin mota ne.

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba ya shigo min da ita tana ƙas-ƙas-ƙas daga ƙasa. Na tsiyaye mai, sai ƙyalli. Na sauke akwatin na buɗe, sarƙa ta saki har tana tsallake haƙora. Na ce tsufa ne. Na hau acaɓa zuwa Sabon Gari na samo ta Beljiyam mai kyau, irin wadda ake cirowa daga motocin waje, na canza boris, na rufe, na zuba sabon mai. A kan jak na gwada ta, liba tana shiga tana fita kamar man shanu. Na ba shi makulli ya tafi.

Ba a jima ba wata tarakta ta jawo ta. Wannan karon sarƙar ta tsinke, ta fasa gefen akwatin. Iliya bai zo shi kaɗai ba, ya zo da Baba Dogara, shugaban kwamitin da ke kula da motar. Dattijo ne dogo, hannunsa duk kanta, irin mutanen da in suka yi magana a taro ba a ƙarawa. Ya gaishe ni yadda ya kamata, ya zauna a benci, sannan ya ce:

"Malam Tanimu, motar nan ta yi shekaru ba ta yi mana haka ba. Yanzu ciwo ɗaya sau biyu a damina ɗaya. Kwamiti ya zauna. Wasu sun ce yaron nan kabu-kabu yake yi da ita a ɓoye, yana loda mata buhuna. Wasu sun ce kai ne ka sa mata ruɓaɓɓen kaya."

"Baba, kayan da na sa ga gawarsa nan, a kai wa duk wanda aka yarda da shi ya duba."

"Ni ban ce kai ne ba. Da na ce kai ne, da ba nan na kawo ta ba." Ya juya ya dubi Iliya. "Mun sake haɗa abin da za a gyara ta. Wannan shi ne na ƙarshe. In ta sake yi, za mu karɓi makulli mu ba wani. Na faɗa mishi a gida, na kuma faɗa a gabanka."

Iliya yana tsaye riƙe da hularsa. Da Baba ya tafi na ja shi gefe.

"Kai, ni ba kwamiti ba ne. Faɗa min gaskiya. Kana loda mata kaya?"

"Oga, ko masarata ban taɓa ɗauka da ita ba sai na tambaya."

"To yaya kake tuƙa ta?"

"In na zo rafi in ja liba, in ƙetare. In na hau tudu in mayar."

"Tana komawa?"

"Da tana komawa. Bana ne in na hau busasshiyar ƙasa sai ta ƙame. Ko da hannu biyu na ja ba ta motsi."

"Sai ka yi yaya?"

"Sai in wuce a haka."

"A kan kwalta? Da fowil? Har asibiti?"

"Oga, mace tana naƙuda a baya, uwarta tana dukan kujerata. In tsaya ina kokawa da liba?"

Tafiya da fowil a kwalta tana kashe ogzilari, wannan kowane bakanike ya sani. Amma abin da ya sa libar ke ƙamewa, shi ne ban sani ba, kuma shi ne asalin ciwon.

Na koma Sabon Gari na bi shago-shago har na samo cikakken akwati na Beljiyam. Ban yarda da shi ba sai da na buɗe na duba komai da idona. Na ɗora. A kan jak, lafiya lau. Na sauke ta na shiga da ita wani fili mai tauri a bayan garejin, na ja liba, na ɗan yi tafiya a miƙe, na zo mayarwa. Ta ƙame. Sabon akwati, ciwo ɗaya. Na kashe inji na zauna a ciki, hannuna a kan libar. In na ba shi motar a haka, na san ranar da za ta dawo, na kuma san ba shi zai kawo ta ba.

Na ce ba zan sake ta ba. Na bi sandunan da ke haɗa liba da akwati, babu wanda ya lanƙwashe. Na duba robobin da giyabos ke zaune a kai, ko ya karkace ne, suna nan daram. Na cire farfela biyu na auna su. Na buɗe aksul na gaba da na baya na ƙirga haƙora, don wani lokaci a kan sa wa mota aksul na wata motar, sai gaba da baya su ƙi jituwa. Duk daidai suke. Na sake sauke akwatin da na ɗora, na sake buɗewa, na sake rufewa. Kullum da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, in ja tamfol in rufe kayan aiki, in tsaya ina kallon ruwa. Na san kowane ruwa ƙara cika rafin can yake yi, motar da ke ƙetare shi kuma tana nan a gabana ƙafafu a sama.

Iliya bai koma gida ba, wurin wani ɗan uwansa a unguwar Jama'a yake kwana, da safe ya zo ya zauna a benci. Saƙo yana ta zuwa ta bakin 'yan acaɓa: Baba ya ce yaushe. Wata rana aka ce an ɗauko wani yaro a kafaɗa an ƙetare rafi da shi, ruwa har ƙirji. Iliya ya ji, ya tashi ya je bayan mangwaro ya daɗe, ya dawo ya ce:

"Oga, ka ba ni ita haka nan. Zan lallaɓa."

"Ka lallaɓa ta yaya? Rafin ne za ka ƙetare ba fowil?"

"In ta mutu ta mutu. Ni dai kada a ce ina nan zaune mutane suna wahala."

"In ta mutu a tsakiyar hanya da mara lafiya a ciki fa? Zauna."

Rannan ne, bayan na sake gwada ta ta sake ƙamewa, na sa jak a ƙafar gaba ta dama don in ƙara duba boris. Tayar tana rabuwa da ƙasa sai ta fizge ta juya da kanta, inji a kashe, babu kowa a ciki. Sifanar da na jingina a jikinta ta tashi ta same ni a ƙwauri. Mai walda ya ɗaga gilashinsa ya ce, "Tanimu, motar nan da iska a jikinta, ka mayar musu da abarsu." Na shiga ina ɗingishi na taɓa liba da yatsa ɗaya, sai ta fita sumul. Wato akwai abin da ke murɗe motar in tana tafiya, kamar yadda ake murɗe wanki, da ƙafa ta bar ƙasa sai ya saki. Na ga wannan. Abin da ke murɗe ta ne har yanzu ban gani ba.

Na wanke hannu na tafi Sabon Gari wurin Oga Chike. Lokacin ya tsufa, yanar ido ta rufe mishi gani, a kujera yake wuni a ƙofar shagon ɗansa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Tanimu ne? Wace mota ce ta koro ka daga gareji da rana tsaka?"

Na kwashe komai na faɗa mishi. Ya saurara yana juya sandarsa.

"A kan jak tana shiga tana fita?"

"Kamar ba ita ba, Oga."

"A ƙasa fa?"

"Sai ta ƙame."

"Kai kuma sau nawa ka buɗe akwatin?"

Na faɗa mishi. Ya yi tsaki.

"Na yi asarar kananzir ɗina a kanka. Mota ta ce maka ciwonta in ta taka ƙasa yake tashi, kai kana can kana farka mata ciki. Da me take taka ƙasar?"

Ban tsaya shan lemon da ɗansa ya kawo ba.

Tayoyin nan tun ranar farko nake ganinsu. Har dariya na yi musu, don kowacce an yi mata rubutu da farin fenti a gefe. Ɗaya ta gaba an sa MATA, ɗayar MATASA. Ɗaya ta baya MAWAƘA, ɗayar kuma DOGARA. Duk sun hau rim, duk da iska, babu mai sulɓi, shi ya sa ban ƙara kallonsu ba. Yanzu da na tsuguna na duba, na gaba biyun Beljiyam ne gajeru. Ta mawaƙa ta ɗan fi su. Ta Dogara kuwa sabuwa ce fil, mai manyan haƙora, ta fi kowacce tsayi.

Na karɓi alli wurin mai walda. Na ja layi a gefen kowace taya, daidai inda ta taɓa ƙasa. Na cire fowil, na sa motar a firi, muka tura ta a miƙe har ƙarshen fili. Da muka tsaya, layin tayoyin gaba yana ƙasa, na Dogara yana can sama bai iso ba. Iliya ya tsuguna kusa da ni.

"Me kenan, Oga?"

"Doguwar taya takunta dogo ne, gajera takunta gajere. In ba fowil, kowa tafiyarsa yake. Da ka ja liba ka ɗaure su da sarƙa ɗaya, baya na son wucewa, gaba na riƙe ta. A taɓo suna sulɓewa, abin ya saki. A busasshiyar ƙasa babu sulɓi, sai sarƙa ta sha. Yaushe aka sa tayoyin nan?"

"Da kaka. Ranar godiyar amfanin gona."

Ya ba ni labari. A majami'arsu in an gama girbi kowa yakan kawo abin da Allah ya hore mishi, a ajiye a gaba a yi addu'a. Bara tayoyin motar sun ƙare, sai aka ce kowane rukuni ya ɗauki ƙafa ɗaya. Mata suka sayar da gyaɗa suka sayo tasu. Matasa suka yi noman ƙodago. Mawaƙa suka yi karo-karo. Baba Dogara shi kaɗai ya sayar da sansa na huɗa, ya je ya ce a ba shi wadda ta fi kowacce girma da ƙarfi a shagon. Aka gangaro da ita cikin majami'a ana waƙa. Duk rani ba a ja liba ba, shi ya sa babu wanda ya haɗa ciwon da tayoyi.

"Kai ba ka ga motar ta ɗan karkace ba?"

"Na gani."

"Ka yi shiru."

"Oga, abin da aka yi wa addu'a a gaban jama'a? Sansa fa ya sayar. Bana da sa ɗaya yake huɗa, yana aron na maƙwabci." Ya share fuska da hularsa. "Don Allah kada ka faɗa mishi. Ka ce ni ne. Ka ce kwalta na bi da ita. Ai na bi ɗin."

"In na ce kai ne, a kore ka, a ba wani makulli, shi ma ta mutu a hannunsa. Sai a kori wa kuma?"

Na aika ɗan acaɓa ya ce wa Baba ya zo. Kafin ya iso na juya maganar a kaina ta kowace fuska. Mutum irin wannan in ya ji an ci mishi fuska, zai iya cewa bakanike ya kasa aiki ya laɓe bayan taya, ya sa a jawo motar a kai wani wuri, can su buɗe akwati su rufe su ba shi, ciwon yana nan. Iliya kuma ya tafi a banza. Ban iya lallashi ba, ban taɓa iyawa ba. Abin da nake da shi alli ne.

Washegari da hantsi Baba ya zo, wandonsa jiƙe har cinya, tare da Mama Saratu shugabar matan majami'ar, wata gajeriyar mata mai baki, ta ɗaure takalmanta a gefen zani.

"An gama?" in ji Baba.

"Akwati lafiyarsa lau, Baba. Amma in kuka tafi da ita a haka, zai sake fashewa, ko wa ke tuƙi. Zo ka ga wani abu."

Na ja layukan a gabansu, muka tura, muka tsaya. Na nuna mishi inda kowane layi ya tsaya. Ya duba ya duba.

"Wannan wasan yara ne ko gyaran mota?"

"Baba, kai manomi ne. In ka haɗa babban sa da ɗan maraƙi a karkiya ɗaya, ka ce su yi huɗa, me zai fara karyewa?"

"Karkiyar."

"To akwatin nan shi ne karkiyar."

Ya miƙo hannu na ba shi allin. Ya goge layukana da tafin hannunsa, ya tsuguna da ƙyar ya ja nasa, taya bayan taya. Da ya zo kan wadda ke ɗauke da sunansa ya ɗan daɗe. Ya ce a tura. Shi ma ya sa kafaɗa. Muka kai ƙarshen fili, ya zagaya motar a hankali, ya tsaya a baya.

"Tawa ce babban san."

"Ita ce, Baba. Taya ce mai kyau, babu irinta a motar. Amma ba ta da abokan tafiya."

"Sabuwa ce fa. Ledarta ni na cire da hannuna."

Iliya yana kallon ƙasa. Ni ina jiran ya ce a kira tarakta. Sai Mama Saratu ta buga tayar gaba da ƙafa.

"Baba, kai taka ta yi tsawo, mu tamu ta yi gajarta. Da mun sayo doguwa ai da sun daidaita. Mu ma mun kashe motar nan, da gyaɗarmu. In cirewa ne a cire har da tamu. Kowa ya tafi shago shi kaɗai kamar masu gasa, babu wanda ya ce bari in tambayi direba."

"Ke dai ba a raba ki da magana."

"Yau ka sani?"

Baba ya juya wurin Iliya. "Kai ka san ta fi sauran tsayi?"

"Na sani, Baba."

"Me ya hana ka faɗa?"

Iliya ya dubi tayar Baba. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce min, "Yanzu mene ne abin yi?"

Na ce a samu huɗu masu lamba ɗaya da tsayi ɗaya, ko tsofaffi ne. Muka cire su duka muka ɗora a motar haya zuwa Sabon Gari, wurin wani mai taya da na sani, Baba ma ya biyo mu. Ya ƙi kallon sauran ukun sosai, ta Baba ya yi ta shafawa. Saboda ita ya yarda aka yi musaya, ya fito da Beljiyam huɗu 'yan gida ɗaya. Na jera su na ɗora katako a kai, na ga ya kwanta daidai, sannan na yarda. Muna tsaye yaron shagon ya kawo fetur da tsumma ya fara goge sunan. Baba bai kau da kai ba har harafin ƙarshe ya fita.

Da muka ɗaura su na shiga filin nan mai tauri. Na ja liba, na yi tafiya, na tsaya, na mayar. Ta koma da yatsa biyu. Na sake, na sake, har mai walda ya ce in bar mishi ƙura ta kwanta. Na fito na miƙa wa Baba makulli, tunda shi ne shugaba. Ya dubi hannuna.

"Ni direba ne? Ba wa mai shi."

Iliya ya karɓa da hannu biyu. Mama Saratu ta ce ko a nemo fenti a sake rubuta sunaye, Baba ya ce babu abin da za a rubuta. Ya buɗe ƙofar gaba, kafin ya shiga ya ce:

"Iliya, gobe in ka ga abu ka faɗa, ko nawa ne."

"To, Baba."

"Ƙarya kake, ba za ka faɗa ba. Ka zo ka faɗa wa bakaniken nan, shi ba shi da kunya."

Iliya ya riƙe motar nan har ta tsufa a hannunsa, ogzilarin da na sa bai sake buɗuwa ba. Tabon sifanar yana nan a ƙwaurina, wanda ke so ya zo ya gani. Alli kuma tun daga lokacin ba ya barin aljihuna.

To ga mota can ƙarƙashin mangwaro, jiya aka kawo ta, mai ita ya ce fowil ɗinta ba ya fita. Wanda ya ce aikin nan mai sauƙi ne, ya tashi ya zagaya ta ya zo ya faɗa min abin da ya gani. Kada ya taɓa min sifana.